Samun asibiti a Arewacin Najeriya: gaba aka ci ko baya?

Tambaya: Mahaifina yakan ce a zamaninsu idan mutum ya je asibiti ba ya kashe ko kwabo, a duba shi, a ba shi magani, idan an kwantar da shi har abinci ake kawo masa. Ni kuwa na taso na ga asibitoci ko'ina, amma ko kati sai da kuɗi. Shin samun asibiti ya ƙaru ga talaka a Arewacin Najeriya, ko baya aka ci?

Amsa: Abin da mahaifinka ya faɗa gaskiya ne, kuma duk wanda ya yi aikin lafiya a ƙasar nan kafin shekarun 1980 zai ba da shaida a kai. Sai dai kafin a gina hukunci a kan maganarsa ya kamata a san garin da yake zaune a wancan lokaci, domin asibitin kyautar da yake tunawa yana Kano ne ko Zariya ko Katsina ko Sakkwato ko wani babban gari, alhali mafi yawan jama'a suna ƙauyukan da sai an yi tafiyar yini a ƙafa ko a kan jaki kafin a ga malamin asibiti. Abin da ya faru cikin kimanin shekaru 100 shi ne ginin asibiti ya yi ta matsowa kusa da mutane har ya iso yawancin mazaɓu, amma abin da ke hana talaka samun magani bai gushe ba, kamanni kawai ya sauya. A da nisa ne da tsoro, yanzu kuwa kuɗi ne, da rashin ma'aikaci, da rashin magani a cikin ginin da aka kafa don maganin.

Maganin Bature bai shigo ƙasar Hausa don talaka ba. Likitocin da gwamnatin mulkin mallaka ta haɗa a ƙarƙashin hukumar likitocin Afirka ta Yamma a 1902 an ɗauke su ne don kula da jami'an Turawa da sojoji da ma'aikatan gwamnati, shi ya sa asibitocin farko suka tsaya a bariki da unguwannin Turawa, irin asibitin Nasarawa na Kano. Sauran jama'a suka ci gaba da abin da suka gada: wanzami ya yi ƙaho da kaciya da cire beli, ungozoma ta yanke cibi, maɗori ya ɗora karaya, malami ya ba da rubutu, mai saiwa ya ba da jiƙo. Waɗannan suna bakin ƙofa, suna jin harshen mara lafiya, kuma suna karɓar abin da ya sawwaƙa ko su jira kaka. Sai a ƙarshen shekarun 1920 ne aka buɗe asibitin birnin Kano, wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala, da 'yan gadaje ƙalilan, aka kuma shiga gina ƙananan ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai da kuɗin baitulmalin En'e, hukumar mulki ta sarakuna. Wato harajin da talaka ya biya shi ya gina su, don haka ko a lokacin kyautar ba daga sama ta faɗo ba.

Yana da kyau a san yadda wannan ɗakin shan magani yake, domin shi ne asibitin da yawancin kakanninmu suka sani. Ɗaki biyu ne ko uku da rumfa, da malamin asibiti guda wanda ya sami ɗan horo, da lebura mai shara da wankin miki. A kan kanta akwai manyan kwalabe na ruwan magani, na tari daban, na ciwon ciki daban, na zazzaɓi daban, kuma mara lafiya yakan zo da tasa kwalbar a zuba masa, ko a ba shi ya kurɓa a nan take ya tafi. Yawancin aikin wankin gyambo ne, da ɗaure ƙafar mai kurkunu, da maganin ciwon ido da tsutsar ciki. Babu gado, babu tiyata, babu ƙarin jini. Macen da haihuwa ta gardama mata ba ta da abin da za a yi mata a nan, sai dai a ɗora ta a kan amalanke ko a nemi motar En'e zuwa birni, idan hanya ta ba da dama, wanda da damina sau da yawa ba ta bayarwa.

'Yan mishan, waɗanda su ne suka buɗe asibitoci da dama a Kudu tun ƙarni na 19, an taƙaita shigarsu masarautun Musulmi, don haka asibitocinsu suka fi yawa a wurare irin su Vom da Garkida da Wusasa ta gefen Zariya, garin da Dakta Barau Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, ya taso. Ƙofar da aka buɗe musu a cikin masarautu ita ce ta kuturta, inda daga shekarun 1930 suka riƙe sansanonin kutare na Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato, sai kuma asibitin ido na Sabon Garin Kano da aka buɗe a 1943, da asibitin Galmi a tsallaken iyaka cikin Nijar a 1950. Ita kuwa gwamnati, idan ta shiga ƙauye da sunan lafiya, da iko take shiga. Masu binciken ciwon barci su tara gari su lalube wuyan kowa, har aka tashi mutanen Anchau aka mai da su sabon garin Takalafiya. Masu lamba su zo da dogarai don rigakafin agana, dubagari ya leƙa randa ya kai maigida gaban alƙali idan ya ga tsutsar sauro. Waɗannan ayyuka sun yi amfani ƙwarai, kuma gangamin rigakafin da aka fara a 1967 ya kawar da agana daga Najeriya a 1970, amma sun bar wa talaka tunanin cewa aikin lafiya abu ne da hukuma ke yi masa ba da shawararsa ba. Ga kuma kulle, ga yawancin ma'aikata maza ne. Asibiti sai ya zama wurin da ake zuwa bayan an gama da kowa, kuma wanda aka kai a makare ya rasu a can yakan ƙara wa 'yan garinsu tsoron wurin.

Zamanin da mahaifinka yake tunawa ya kama daga wajen samun 'yancin kai zuwa farkon shekarun 1980. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sashenta na koyon likitanci ya fara aiki a ƙarshen shekarun 1960, jihohin da aka ƙirƙiro a 1967 suka shiga gasar gina manyan asibitoci, sannan kuɗin man fetur ya shigo bayan 1973. An ɗauko likitoci daga Masar da Indiya da Pakistan, darajar naira ta fi ta dala, kantin maganin gwamnati yana cike, kicin ɗin asibiti yana dafa abinci. Wanda ya isa asibiti a lokacin ya sami gata na gaske. Amma su wa suka isa? Binciken da Farfesa Kelsey Harrison ya jagoranta a Zariya tsakanin 1976 da 1979, wanda ya bi diddigin haihuwa fiye da 22,000, ya nuna cewa mafi yawan matan da suka rasu a wajen haihuwa waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, aka kawo su bayan doguwar naƙuda a gida, wasu da jijjiga, wasu mahaifa ta riga ta fashe. Wannan ya faru ne a tsakiyar zamanin wadata, a garin da ke da asibitin koyarwa. A ganina nan ne masu begen jiya suke yin kuskure, domin suna auna zamanin da abin da ɗan birni ya samu, suna manta da matar ƙauye da ba ta shiga lissafin kowa ba.

Gwamnati ta san da wannan giɓi, shi ya sa shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, ya zo da tsarin kai ayyukan lafiya na farko karkara, inda aka tsara cewa kowane yanki zai sami babbar cibiyar lafiya guda, da ƙananan cibiyoyi a ƙarƙashinta, da ɗakunan shan magani, da motocin asibitin tafi-da-gidanka. Kuɗin ya tafi kan siminti da kayan aikin da aka shigo da su daga waje, yawancin gine-ginen ba a kammala ba, wasu na'urorin suka ruɓe a cikin akwatunansu. Abin da ya tsira daga shirin, kuma ya fi ginin amfani, shi ne makarantun koyon aikin lafiya da aka buɗe a jihohi, waɗanda har yau su ke yaye jami'an lafiyar al'umma da ke riƙe da asibitocin karkara. A 1978 kuma taron duniya na Alma-Ata ya amince da cewa lafiya a matakin farko ita ce hanyar kai magani ga kowa.

Shekarun 1980 su ne mararrabar wannan labari, domin abubuwa biyu masu karo da juna sun faru a tare. Farashin mai ya faɗi, har sanarwar juyin mulkin ranar 31 ga Disamba 1983 ta ambaci cewa asibitoci sun koma wuraren ganin likita kawai, babu magani babu kayan aiki. A 1985 Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya zama ministan lafiya, kuma ban san wani ministan da ya kai shi fahimtar abin da talaka yake bukata ba. Ya fara da ƙananan hukumomi 52 a matsayin gwaji, ya haɗa su da jami'o'i da makarantun aikin lafiya, ya sa aka kafa kwamitocin lafiya na ƙauyuka, aka koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari, aka fitar da manufar lafiya ta ƙasa a 1988, rigakafin yara ya haura zuwa wajen kashi 80 cikin 100 a 1990, aka kuma kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa a 1992. Amma a daidai wannan lokaci, daga 1986, shirin tsuke bakin aljihu na SAP ya karya darajar naira, wadda take kusan daidai da dala a 1985 amma ta kai wajen naira 22 a farashin gwamnati a 1993. Tunda kusan duk magani da kayan aiki daga waje ake sayo su, kasafin da ke cika kanti a da ya koma ba ya cika ko kusurwa guda ta kantin. Likitocin waje suka koma gida, namu da yawa suka nufi Saudiyya.

Mafitar da aka samo ita ce wadda ministocin lafiya na Afirka suka amince da ita a Bamako a 1987, wato asusun magani mai juyawa. A ba asibiti jarin magani, ya sayar wa marasa lafiya da 'yar riba kaɗan, ya sake sarowa da kuɗin. A takarda dabara ce mai kyau, domin maganin da za a saya a asibiti da araha ya fi maganin kyautar da babu shi, kuma inda aka sami amintaccen shugaba asusun ya yi aiki. A wurare da yawa kuwa hauhawar farashi ta cinye jarin, ko wasu suka ranta ba su mayar ba, sannan tanadin da aka yi na yafe wa marasa hali ya tsaya a takarda. Tun daga nan ne kuɗin kati, da kuɗin gado, da kuɗin gwaji, da ajiyar kuɗi kafin tiyata suka zauna daram, kuma daga nan ne mai kyamis ya zama likitan unguwa. Ba na cikin masu zagin mai kyamis a dunƙule, ko da yake na san ɓarnar da allurar da ba ta dace ba da rabin ƙwayar kashe ƙwayoyin cuta suke yi. Yana buɗe har dare, yana sayar da maganin naira ɗari biyu ga mai naira ɗari biyu, yana ba da bashi, ba ya tsawa. Jama'a sun koma wurinsa ne saboda ya ba su abin da asibitin gwamnati ya daina bayarwa.

Akwai kuma kuskuren tsari da ya fi kowane illa, wato ɗora nauyin ƙananan asibitoci a kan ƙananan hukumomi, matakin gwamnatin da ya fi kowane rauni. Tarayya ta riƙe asibitocin koyarwa, jiha ta riƙe manyan asibitoci, aka bar wa ƙaramar hukuma wurin da mafi yawan jama'a za su fara zuwa, alhali kuɗinta yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, abin da ya iso kuma albashi yake cinyewa. A shekarun 1990 cibiyoyin da aka farfaɗo suka sake mutuwa. Asusun rarar man fetur na PTF ya zuba magunguna a asibitoci na 'yan shekaru, aka rushe shi a 1999, aka koma gidan jiya. Binciken lafiya na ƙasa na 2003 ya sami yara kashi 13 cikin 100 kacal da suka kammala rigakafi.

A wannan yanayi ne amana ta sake karyewa. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutane fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000, kuma a cikinta ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kimanin 200 a Asibitin Zana na Kano, lamarin da ya kai ga shari'a ta shekaru kafin a yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009. Da jita-jita ta taso kan ɗigon shan inna a 2003, har Kano ta dakatar da shi zuwa Yulin 2004, tambayar da iyaye suka riƙa yi wa ma'aikata a ƙofar gida ta fi jita-jitar nauyi: me ya sa kuke biyo mu gida da maganin cutar da ba mu cika gani ba kyauta, amma idan ƙyanda ko zazzaɓi ya kama yaro muka kai shi asibiti sai ku ce mu je mu saya? Ba a sami nasara ba sai da aka sa sarakuna da malamai a gaba, aka kuma riƙa haɗa ɗigon da wasu magunguna da gidan sauro. An ga ƙwayar cutar ta daji karo na ƙarshe a Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a Agustan 2020, bayan an yi asarar rayukan ma'aikata, har da matan da aka harbe a Kano a Fabrairun 2013.

Daga 1999 zuwa yau an yi gine-gine fiye da kowane zamani, domin asibiti abu ne da ɗan siyasa zai iya yanka masa kyalle a ɗauki hoto. Ga wanda yake son sanin ko ginin ya zama asibiti, ya je wurin da ƙarfe biyun dare. A wurare da yawa zai tarar da maigadi kaɗai, ƙofa a kulle, ungozomar da aka tura tana zaune a hedikwatar ƙaramar hukuma saboda babu gidan ma'aikata, babu ruwa, babu wuta. Inda ake kwana kuma sau da yawa da fitilar waya ake karɓar haihuwa. Mace mai zuwa haihuwa za a miƙa wa mijinta jerin abin da zai kawo, safar hannu, da auduga, da reza, da leda ta shimfiɗa, da ruwan wanke ƙasa, da allurar tsayar da jini, idan kuma jini ya ɓalle a tura su babban asibiti, inda za a ce sai ya kawo wanda zai ba da jini ya kuma biya kuɗin leda da gwaji. Shirin tura ungozomomi karkara na 2009 ya rage wannan matsala na ɗan lokaci, amma ya yi rauni da jihohi da ƙananan hukumomi suka gaza biyan nasu kason na alawus. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne ake yi a asibiti a faɗin Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa wajen kashi 16 ne, kuma mata 512 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Ana yawan ɗora wa al'ada laifin wannan, kuma tana da kasonta, musamman jiran izinin maigida da kunyar haihuwar fari. Amma matan nan da ake cewa ba sa son asibiti su ne ke cika layin awo duk ranar da aka ce akwai ma'aikaciya mace da magani, don haka ban yarda al'ada ce babbar matsalar ba.

Batun kuɗi shi ne ya fi komai tsanani a yau. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mara lafiya yake fita a lokacin da yake kwance, abin da ke nufin sayar da akuya, ko hatsin da aka ajiye, ko jinginar da gona. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Inshorar lafiya ta ƙasa da aka ƙaddamar a 2005 ta yi shekaru tana amfanar ma'aikatan tarayya da na manyan kamfanoni kusan su kaɗai, wato waɗanda suka fi kowa iya biya. Jihohi irin su Kano da Jigawa sun ayyana kula da masu juna biyu kyauta, kuma hakan ya jawo mata asibiti sosai, sai dai kayan da ake kawowa sukan ƙare kafin wata ya ƙare. Maƙwabtanmu na Nijar sun bi wannan hanya da ƙarfi: a zamanin Shugaba Tandja Mamadou an gina ƙananan ɗakunan lafiya kimanin 2,000 a ƙauyuka, aka mai da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa kyauta daga wajen 2006, mutuwar yara ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Daga baya gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci kuɗin da suka kashe, bashi ya taru, magani ya yi ƙaranci. Darasin iri ɗaya ne a ɓangarorin iyaka biyu, cewa kyauta tana aiki muddin akwai wanda yake biya a kan kari.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce baya aka ci gaba ɗaya. A Najeriya mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5 ta sauko daga 201 cikin 1,000 a binciken 2003 zuwa 132 a na 2018. Kurkunu, wanda aka ƙirga mutane fiye da 650,000 da shi a 1988, an tabbatar da ƙarewarsa a 2013. Ƙaramin asibitin da ke aiki a yau yana iya gwada jinin yaro ya gano maleriya cikin mintoci, ya ba da maganin da ke warkarwa, abin da malamin asibitin En'e bai taɓa mafarki ba, kuma da damina ana bi gida-gida da maganin kariya ga yara. Maganin tarin fuka da na ƙanjamau kyauta ne. Mai yoyon fitsari, wadda a da sai dai a keɓe ta a bayan gida, tana da cibiyoyin gyara a Katsina da Kano da wasu jihohi. Wayar salula da ta shigo a 2001, da babur, da A-daidaita-sahu, da yarjejeniyar da aka yi da ƙungiyar direbobi a wasu jihohi don ɗaukar mai naƙuda, sun rage nisa fiye da yadda gine-gine da yawa suka rage.

Inda aka ci baya a zahiri, har nisan da aka yi shekaru ana yaƙa ya dawo, shi ne yankunan da tsaro ya taɓarɓare. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a Borno a ƙarshen 2016 ta sami kimanin kashi ɗaya cikin uku na asibitocin jihar a rushe gaba ɗaya. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna ma'aikata sun bar ƙauyuka saboda garkuwa da mutane, kuma ko asibitin yana nan, babu direban da zai ɗauki mara lafiya da dare a wasu hanyoyin. Ga hijirar likitoci da ma'aikatan jinya zuwa Ingila da Saudiyya da sauran ƙasashe, ga tashin farashin magani da na mota tun bayan cire tallafin mai da faɗuwar naira a 2023.

Ta fuskar doka, abin da talaka yake da shi yanzu ya fi na kowane lokaci, kuma ya dace ka san shi don ka nema. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa, ta kuma kafa asusun lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ko da yake sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi. Wani kaso na asusun yana shiga kai tsaye cikin asusun banki na asibiti guda da aka zaɓa a kowace mazaɓa, don sayen magani da ƙananan gyare-gyare, wani kason kuma yana biya wa marasa hali da aka yi wa rajista kuɗin magani ta hannun hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma tanadi asusu don masu rauni, sannan a Nuwamban 2024 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa hali a asibitocin da aka keɓe. Adadin waɗanda aka yi wa rajista har yanzu kaɗan ne idan aka kwatanta da masu bukata, kuma guraben sukan tafi ga waɗanda suka fara jin labari. Don haka ka tambayi wane ne asibitin mazaɓarku da ke karɓar wannan kuɗi, ka nemi shugaban kwamitin raya mazaɓa, wanda yake da hurumin sa ido kan yadda ake kashe shi, ka ji yaushe ake rajistar masu juna biyu da yara ƙanana da tsofaffi, domin mahaifinka kansa yana iya kasancewa cikin waɗanda suka cancanta.